Jirgin Gwamnati a Hannun 'Yan Zumunta

Wanda ya ba da shawarar a ajiye jirgin ruwa a ɗan dam ɗin bayan Gazara, Allah kaɗai ya san abin da ke kansa ran nan. Ruwan da saniya ke ratsawa da rani ko ƙirjinta bai jiƙe ba! Amma haka aka kawo shi a bayan babbar mota, na roba, fari tas, yana sheƙi kamar sabon kwanon sha, ga lambar gwamnati an rubuta da koren fenti a gefensa. Aka ce na kiwon kifi ne. Kifin dai har yau ana jiransa. Aka ɗauki Timoti, mutumin kudancin Kaduna, aka ce aikinsa ke nan ya kula da jirgi. Da wannan albashi yake riƙe da matarsa Paulina da 'ya'ya biyar.

Sai soja suka karɓi mulki, aka shiga tsuke bakin aljihu. Sabulu ma sai an bi layi. Ana ta sallamar ma'aikata ba ji ba gani, duk wanda aka kama ya yi wasa da kayan gwamnati kuwa takarda ce kawai, in ya yi sa'a ba a haɗa masa da tsallen kwaɗo ba.

A cikin wannan hali ne Tanko, babban manomin rake na tsallaken dam, ya zo ya durƙusa wa Timoti, a tsallakar masa da rake a jirgi. Kwalbatin da damina ta cinye ba a gyara ba, ga rake an sare, ga motar Kano tana jira.

"Malam Timoti, a dubi Allah. Sawu biyu kacal."

Timoti kuwa mutum ne da bakinsa bai iya cewa a'a ba. Sawu biyu ya zama kwana uku. Aka yi ta jibga dami, ana jan jirgi a kan marmara kamar jan gawar jaki. Da aka gama, cikinsa da gefensa duk sun kwarzane, ko ina zane-zane baƙaƙe.

Ran Laraba takarda ta iso: Kyaftin zai zo ran Juma'a duba kayan gwamnati.

Kai, Timoti ya ga tashin hankali. Ya sa ruwa da tsumma, zanen na nan. Ya shafa man gyaɗa, tururuwa suka yi masa caa. Ya kwashe ɗan man shafawar Paulina, a banza. Ya zauna a gindin jirgi yana zagin rake, yana zagin kwalbati, yana zagin bakinsa. Inuwa direba ne ya ce masa masu fentin mota a Zariya suna da wani mai, a auduga ake ɗiba, a yi ta murzawa a hankali a hankali har zanen ya ɓace. Ran Alhamis da sassafe ya kama hanya, ko koko bai sha ba.

To, a nan ne Paulina ta shigo. Matar nan duk cocinsu ba wadda ta kai ta wanke tukunya. In an yi biki, ita ake bar wa manyan tukwanen da suka yi baƙi ƙirin, ta mayar da su kamar yau aka saye su. Ta ga mijinta bai ci tuwo ba jiya, ta ga ya fita yana magana shi kaɗai. Ta je ta tsaya a kan jirgi, ta kama ƙugu.

"Wannan ɗan dattin ne zai hana Baban Philomena cin abinci? Har sai an je Zariya?"

Ta aika wa matan zumunta na cocinsu. Kafin hantsi mata goma sha huɗu sun hallara, kowace da sosonta. Tanko da kunya ta ishe shi, da ya ji labari, ya aiko da amalanke biyu na yashin rafi, da buhun toka daga murhun mazarƙwaila. Kowa da zuciya ɗaya, wallahi, abin da ya fi ba da haushi ke nan.

Da la'asar Timoti ya sauka daga mota, gwangwanin mai a aljihu. Tun daga nesa ya jiyo waƙa a bakin dam. Ya sa gudu.

Zane kam babu. Ko ɗaya. Sheƙi ma babu. Jirgi ya yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta ga mai ba, in ka shafa sai gari ya biyo hannunka. Lambar gwamnati kuwa, da Mama Rosaline, ɗaya daga cikin matan, ta ga ta ƙi fita da wuri, sai ta sa marmara ta bi ta har ta ga bayanta.

"Wayyo Allah! Me kuka yi? Tukunya ce? Na ce tukunya ce?"

"Baban Philomena, ai sai ka ce sannunku," in ji Paulina. "Tun safe muke nan."

Wa zai zaga? Mata goma sha huɗu, duk da toka har gira, suna kallonsa suna jiran godiya. Ya buɗe gwangwanin ya shafa, jirgi ya shanye man kamar busasshiyar ƙasa. Ya murza har gwangwani ya ƙare, bai rufe faɗin tabarma ba.

Ran Juma'a Kyaftin ya zo da soja biyu da akawu. Ya zagaya jirgi sau ɗaya, ya duba takarda.

"Nan an rubuta fari, mai lamba. Ina lambar?"

"Yallaɓai, wajen gyara ne ta goge."

"Ta goge. Ita kaɗai? Wa ya kankare lambar gwamnati?"

Sojan da ke riƙe da bulala ya gyara tsayuwa. Paulina na tsaye can gefe da sauran mata, ta ci ado da zanen zumunta, don ta ɗauka yau za a yaba. Timoti ya ga ta ɗaga ƙafa za ta matso, bakinta a buɗe, za ta ce ita ce, da alfahari ma. Haushinta ya cika shi har wuya, tsoro kuma ya fi haushin yawa.

"Ni ne, Yallaɓai," ya faɗa da ƙarfi. "Ni kaɗai. Da yashi."

Kyaftin ya dube shi kamar ya ga mahaukaci. "Shekara huɗu kana kula da jirgi, ka wanke shi da yashi?" Ya juya wurin akawu. "Rubuta masa."

Ba a yi minti biyar ba an gama. Ko bulala ba su tsaya yi masa ba, suna sauri za su Kudan.

Mata suka watse sumui-sumui, ba mai kallon wata. Timoti ya tsaya da takardar sallama a hannu, ya juyo zai sauke wa Paulina duk abin da ke cikinsa tun jiya. Sai ya ga hannuwanta. Toka ta cinye fatar, 'yan yatsu sun tsattsage, ta naɗe biyu da tsumma.

"Baban Philomena," ta ce, "ban bar ko zane ɗaya ba fa."

"Na gani," ya ce. "Ba ki bari ba. Mu je gida ki sa mai a hannun nan."

"Ai ka ƙarar da shi a jirgi."