Hauren da Aka Yanke da Zarto

"Juyo da fuskarka nan, sarkin yawo, farar ƙasar tana bushewa."

"Ke dai shafa, Molga. Sai ka ce yau kika fara ganin haurena."

Molga ta tsoma yatsa cikin ƙoƙon farar ƙasar da ta dama da nonon akuya, amma hannunta ya tsaya a iska. Duk Ba'orke, wato ɗan ƙabilar masu haure ta tsaunin Gardum, ya san matar da ta shafa wa hauren mijinta fari ranar Bikin Jinjirin Wata ta tsaya masa shaida ne a gaban Uwa Wata cewa bakin nan bai yi ƙarya ba. Bara da waƙa ta shafa wa mijinta Tarkun, har tana ɗiga masa a hanci don tsokana. Bana kuwa ya dawo daga farautar bayan tsauni shi kaɗai, babu ƙanenta Zurko, sai hauren Zurkon ƙunshe a fatar kerkeci.

"Sake gaya mini yadda ya faɗi," in ji ta.

"Haba! Na faɗa wa dattawa, na faɗa miki. Ƙanƙara ta zame da shi, na tono shi, na tara masa duwatsu."

"Rannan ka ce da hantsi ne. Jiya kuma ka ce wa Kaka Ozga da yamma."

"Wa yake duba rana yana tonon gawa?"

Ya yi dariya, amma idanunsa na kan ƙofar bukka. Mutumin da ke cinye cinyar rago ya nemi ƙari, ga gasasshen naman biki ya sandare a gabansa bai taɓa ba. Tana son ƙaton nan, tana son faffaɗan ƙirjinsa da ke ƙanshin hayaƙi da man shanu, kuma son ne ya hana ta buɗe ƙunshin tun da ya kawo shi.

Can waje aka fara buga ganguna. Ta ajiye ƙoƙon, ta jawo fatar kerkecin ta warware. Hauren Zurko ne, ga tsagar da ya samu ranar da suka yi kokawa suna yara. Ta juya gindinsa ta duba. Hauren mamaci da saiwarsa ake tumɓuke shi, kowa ya sani. Wannan kuwa a daidaice yake, da sawun haƙoran zarto.

"Tarkun. Mamaci ba ya jin zafi. Me ya sa aka tausaya wa dasashinsa?"

Ya zabura ya rufe ƙofar, ya durƙusa gabanta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yana raye. Ya ga wata 'yar masaƙa cikin mutanen kwari, ya haukace a kanta. Shi ya riƙe kansa, ni na ja zarton. Idan dattawa suka ji ya bar mu ya bi maras haure, da karnuka za su bi sawunsa. Ki rataya hauren a ginshiƙin matattu, a yi kuka, a manta."

"In rataya?" Hawaye suka zubo mata. "Wanda aka rataya haurensa a ginshiƙi, Uwa Wata takan kira sunansa ta ɗauke shi. Rayayye ma in ta kira ba ya ganin narkewar ƙanƙara. So kake in kashe shi da hannuna?"

"Haskenta ba ya kaiwa kwari, hasken bukkata."

"Yaushe ka zama boka?"

Ta tsura masa ido. Zurko da soyayya, wannan ta yarda, yaron da ke yi wa tumaki waƙa. Amma ta tuna shi da Tarkun sun zare wa juna gatari a kan rabon filin kiwo kafin tafiyar. Kuma zarto bai san rayayye da matacce ba. Mai gaggawar barin wuri ma yakan yanke. Wanda ya iya labari ɗaya, me zai hana shi iya na biyu?

"'Yar nan!" Muryar Kaka Ozga, mai tsaron ginshiƙi, ta tsaga fatar bukkar. "Jinjiri ya leƙo! Ko sai Uwa ta sauko ta gaishe ku?"

Suka fito. Sama ta yi ja, siririn watan na lanƙwashe bisa tsauni kamar hauren jariri. Jama'a sun kewaye ginshiƙin, maza duk haurensu fari fat, sai na Tarkun kaɗai rawaya. Gunaguni ya bi layi. Tsohuwar ta miƙo hannu, ta dubi bakinsa, ta dubi Molga, ta daɗe tana duba.

"Ƙoƙonki ya fashe ne, ko nonon akuya ya ƙare a Gardum?"

Tarkun ya taɓa gwiwar hannun matarsa. Molga ta matse ƙunshin a ƙirjinta, ta ɗaga murya yadda na bayan layi ma zai ji.

"Kaka, hauren ƙanena ba zai hau ginshiƙi bana ba, mijina ma ba zai sha fari ba. Gobe zai wuce gaba ya kai ni inda ya bar Zurko, ni da shi kaɗai, in gani da idona."