Ƙwayar da Marka Ta Kawo

Bara'atu ta yi ɓari sau biyu a gidan mijinta Seydou, mai fataucin albasa daga Garou. Saboda haka da ta ga wata biyu sun wuce ba ta ga al'ada ba, sai ta ja bakinta ta yi gum. Ƙaramin ciki ba a shelarsa, balle ga wadda ta riga ta ɗanɗana rashi.

Ana nan sai ƙaiƙayin gaba ya taso mata, da farin ruwa mai kauri. Zama ya gagare ta, kullum tana hanyar makewayi da buta. Surukarta Marka kuwa ba abin da ke wuce idonta a gidan nan. Ba ta tambaye ta komai ba, ta dai je kasuwa wurin masu tallan magani a faranti, ta dawo da ƙwaya ɗaya tak, ta ce ta sanyin mata ce, haɗiya guda ta wadatar. Ta miƙo mata da moɗar ruwa, ta tsaya a kanta.

In Bara'atu ta ƙi sha, sai ta faɗi dalili, kuma da wane baki za ta dubi uwar mijinta ta ce tana da ciki? Ta sunkuyar da kai ta haɗiye. Tun ruwan bai gama sauka ba tsoro ya kama ta.

Washegari ta hau babur zuwa asibitin haihuwa da takardar ƙwayar a ƙulle a bakin zane. Ungozoma Sakina ta duba takardar, ta yi mata bayani a hankali. Ciwon ba baƙo ba ne ga masu ciki, kuma yana da maganin matsawa na kwana bakwai da ba ya taɓa ɗa. Ƙwayar haɗiyar ce ake guje musu, musamman a watannin farko. Sau da yawa guda ɗaya ba ta yin ɓarna, amma ba za ta rantse mata ba. Ta ce ta dawo bayan mako huɗu.

Da Bara'atu ta koma gida ta durƙusa a bakin ɗakin Marka, idonta a ƙasa.

"Inna, ƙwayar da kinka ba ni jiya, ba ni kaɗai na sha ta ba."

Tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, mi ya hana ki hwaɗi? Da hannuna na ba ki."

Mako huɗun nan babu wadda ta ci abincin kirki a cikinsu. Ranar komawa Marka ta yafa mayafi ta bi ta, ta zauna a benci a waje. Sakina ta ɗora na'ura a marar Bara'atu, ta yi ta lalube, shiru. Can sai ga bugun zuciya, ƙarami, mai sauri. Bara'atu ta fashe da kuka.

Kukan ne kaɗai ya isa kunnen Marka. Ta taso ta dafa ƙofa, tana zaton cikin ya lalace.

"Inna, shigo ki ji," in ji Bara'atu. "Yana nan."