Kwanon Amparo

Rosalba ta ajiye sabon kwanon kusa da tsohon a kan teburin Chema, mai yin mazubin filasta na kwaikwayon kayan yumɓu a bayan kasuwar Tonalá. Komai ya fito daidai, har ɗan karkacewar bakin. Amma sabon ya fi ƙanƙanta.

Mahaifiyarta, marigayiya Amparo, ce ta gina tsohon kwanon da yumɓu da hannunta, kuma tun rasuwarta mijinta Don Eusebio, mahaifin Rosalba, ba ya cin abinci a wani kwano. Kwanon ne ya suɓuce wa Rosalba wajen wanke-wanke, ya rabe biyu. Ta ce wa mahaifinta ta kai shi a sabunta masa fenti, ta kawo wa Chema. Ya manne shi, ya zuba masa filasta ya fitar da mazubinsa, ya danna sabon yumɓu a ciki.

Chema ya bayyana mata a hankali cewa filasta ba ta rage komai. Yumɓu ne ke motsewa in ya bushe, ya ƙara motsewa a wuta.

"Tun farko na gaya miki, 'yar Amparo. Kina ta sharɓar hawaye, ba ki ji ba."

Ta tambaya ko zai sake wani. Ya ce sai an gina babba tukuna, aikin makonni ne.

Ba ta da makonni. Tun da kwanon ya bar gida tsohon bai ci abin kirki ba, kuma likita ya ce in bai soma ci ba za a kwantar da shi. Ko da can, rabin romo yake sha, ya ture sauran, ya ce ga shi nan, mutumin da ya kasa shanye kwano ɗaya ai tafiyarsa ta zo.

A cikin bas ta yi ta shirya yadda za ta nemi gafara.

Da rana ta zuba romon kaza a sabon kwanon, ta ajiye wa mahaifinta da tortila, wainar masara, ta tsaya a bakin ƙofa. Don Eusebio ya shafa bakin kwanon da babban yatsa, ya tsaya a kan karkacewar. Ya ce fentin bai yi ba, uwarta ta fi su hannu. Sannan ya ɗauki cokali.

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji cokali yana ƙwanƙwasar gindin kwano.

Tsohon ya leƙa ciki, ya daɗe yana kallo, sannan ya gyara zama.

"Rosalba, zo ki gani. Tas!"

"Na gani, Baba."

"Ki gaya wa likitan nan ya ba wani gadonsa. Akwai saura a tukunya?"

Ta ƙara masa. Rabi ya sha, ya yi gyatsa, ya ce rabon da ya ci kwano ɗaya da rabi tun Amparo tana raye.

Rosalba ta koma kicin, ta naɗe tsohon kwanon a tsumma, ta tura shi can bayan buhun masara.