Ruwan Pisin Ba a Zubarwa

Ni dai tun ranar da Yaya Bashir ya ce zai haƙa pisin, ramin wanka da iyo, a bayan gidansa na Tasawa na san wahala ce ya haƙa mini. Shi yana can Yamai da iyalinsa, ni ke zaune a gidan ina gadi, ina kabu-kabuna da babur. Damina biyu ba wanda ya leƙa ramin. Ruwan sama ya cika shi, gansakuka ta rufe shi kamar miyar kuka, kwaɗi suka mayar da shi gidan ubansu.

Bayan an yanke gero ya kira ni a waya. Ya ce zai kawo yara su yi wanka, kuma in ya tarar da ruwan nan kore, zai sa ɗan haya a gidan, ni in nemi inda zan kwana. Yaya ba ya magana biyu. Ni kuwa da mata da goyo, ga Inna, mahaifiyarmu, da ta baro ƙauyenmu Urafan ta dawo wurina saboda ciwon gwiwa.

Na aro injin ban ruwa wurin Sha'ibu mai lambu, na miƙa tiyo har bakin titi. Ina tada injin sai ga Inna da sandarta. Ta zo ta ɗora ƙafa a kan tiyon.

"Zubairu, mi za ka yi?"

"Zubar da shi zan yi, Inna. Ruwan ya ruɓe."

"Ruwa za ka zubar a titi? Halan ka mance inda aka haihe ka?"

Na yi bayani, na yi magiya, har na ɗebo gansakukar a hannu na nuna mata tana wari. Ta ce akuya ba ta san wari ba. Ta sa aka kawo mata tabarma ta zauna a bakin ramin, ta aika a gaya wa unguwa akwai ruwa na sadaka.

Wayyo ni! Aikin da inji zai gama kafin azahar sai ya koma na bokiti. Masu bulo suka zo da amalanke, mata suka zo da bido, jarkokin ruwa, wani Bafillace ya koro tumakinsa har ƙofar gida. Biba maƙwabciyarmu ma tacewa take yi da tsohon ɗankwali, wai na dalbejiyarta ne, kada ya yi datti. Duk wanda ya zubar da ɗigo Inna ta yi masa faɗa. Ni da ke da haƙƙin gaggawa aka mayar da ni mai miƙa guga. Gansakukar da nake kwasowa da rariya ma ba ta tsira ba, Inna ta ce a zuba a gindin zogale.

Da ƙyar ramin ya ƙafe. Na shiga da buroshi da jabel, ruwan wanke datti mai cin fata, na durƙusa ina gurzar tayil ɗin ramin, karo ɗaya bayan ɗaya, har fatar yatsuna ta saɓule. Na zame na faɗi ya fi a ƙirga. Amma fa ya fito fari fat, har ni kaina na tsaya ina kallo. Na tafi neman mai tanki ya zo ya cika shi washegari, ranar da Yaya zai iso.

Da safe na fita da babur tarbo mai tankin. Ina dawowa na tarar da motar Yaya a ƙofa. Na ruga baya, abin da na gani ya sa na kusa kuka don takaici. Inna ta sa an saukar da ita cikin pisin ɗin, ta shanya kuɓewa a gefe guda, barkono a gefe guda, wake a wuri mai zurfi. Tana zaune a tsakiya tana tsince tsakuwa. Yaran Yaya na tsaye da gajerun wanduna da tawul a wuya.

"Inna, mene ne haka?" in ji Yaya. "Ga mai tanki can a waje."

"Ban taɓa samun wurin shanya irin wannan ba," ta ce. "Akuya ba ta shiga, ƙasa ba ta taɓawa." Ta ɗago kai. "Tanki guda, Bashir, don ɗiya su yi wasa?"

Ta buɗe tafin hannunta tana kakkaɓe ƙaiƙayi. Kantar igiyar rijiyar Urafan na nan a jiki, baƙa, ba ta goge ba har yau. Da hannun nan ta ja ruwan da muka sha, ni da shi.

Yaya ya daɗe yana kallon hannun. Sai ya cire takalmi ya sauka ta tsanin, ya tsuguna kusa da ita ya fara tsince wake.

"Zubairu," ya ce ba tare da ya dube ni ba, "sallami mai tankin. Kuma ka riƙa wanke mata wurin nan duk bayan ruwan sama."

Gida dai na samu. Na dubi yatsuna da jabel ya cinye, na juya na tafi sallamar mai tanki.