Fitilar Mama Sai Mutum Biyu

Auta ba ta zo don ta shirya da kowa ba. Kayan Mama ta zo kwashewa, ta kama motar ƙarfe shida ta koma inda ta fito. Haka suka yi da matar yayanta a waya: ɗakin Mama yana yoyo, za a sake rufi, ta zo ta ɗauki abin da take so kafin ruwa ya lalata. Matar ta kuma tabbatar mata cewa Yaya ba ya dawowa daga aiki sai bayan magariba.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan rabon da ta ce wa yayanta ko sannu. Su biyu rak Mama ta haifa. Mama ta yi kwana tara a kwance, Yaya bai kira Auta ba sai da ta cika. A bakin kabari, gaban fasto da jama'a, Auta ta dube shi ta ce, "Daga yau ba ni ba kai." Ita kuwa mace ce mai faɗa da cikawa, halin da ake yabonta da shi a makarantar da take koyarwa, wanda a nan bai amfane ta da komai ba.

Ɗakin na nan yadda ta san shi. Gadon ƙarfe mai ƙara, madubin da ya tsage tun tana firamare, akwatin zannuwa da har yanzu yake ƙanshin sabulu da man zafi. Ta ninke, ta ware, ta ɗaure, ba ta yarda ta tsaya kan komai ba. Sai da ta hau kujera don ta sauko da kayan saman kabad, hannunta ya taɓo wani ƙarfe mai sanyi. Fitilar ƙwai ce. Ta sauko da ita a hankali, ta zauna a bakin gado, aikin ya tsaya.

A gidansu Baba ke karatu, Mama ke aiki da abin da aka karanta. Baba tela ne, kullum da safe kafin ya hau keke sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta musu. Mama ba ta san baƙi ba, amma in aya ta shiga kunnenta sai ta nemo mata abin yi a cikin gida. Takan ce, "Maganar Allah ba kayan ado ba ce. Abin da hannunka bai taɓa ba, ba ka karanta shi ba." Ranar da Baba ya karanto inda aka ce mutum zai iya yin fushi amma kada ya bari rana ta faɗi ta bar shi da fushinsa, Mama ta sa ya maimaita. Da yamma ta kafa doka: duk ranar da aka yi faɗa a gidan, ba a kunna fitila sai an shirya. Kuma waɗanda suka yi faɗan su za su kunna, ɗaya ya ɗaga ƙwai, ɗaya ya ƙyasta ashana.

Lokacin babu lantarki a unguwar, fitilar kuma ita kaɗai ce a gidan. Wayyo, sun sha zaman duhu! Yaya ya cire wa 'yartsanar Auta kai, ita ta zuba masa ruwa a takalmi, sai magariba ta same su kowa ya juya baya yana kumburi. Sauro ya yi ta biki, abinci ya huce a tukunya. Baba daga bakin keke ya yi ta roƙo: "Ku ji tausayina ku shirya, ɗinkin mutane nake yi!" Mama kuwa ko a jikinta. Ba ta taɓa tambayar wa ya fara ba. In Auta ta ce, "Ai shi ne," sai ta ce, "Ban ji an ce mai gaskiya ya kwana da nasa fushin ba." Daga ƙarshe yunwa ko kunya ta kawo su gaban fitila. Yaya ya danna ƙarfe ƙwai ya ɗaga, ita ta ƙyasta, dole kawunansu su haɗu, kuma da haske ya tashi suka ga fuskokin juna a murtuke sai dariya ta ƙwace musu.

Dokar ba ta bar kowa ba. Wata rana Baba da Mama suka saɓa, har yau Auta ba ta san a kan me ba. Yaran suka zauna a duhu suna zungurar juna don murna. Aka daɗe, sannan suka ji Baba ya yi gyaran murya ya ce, "To, uwar 'ya'ya, ina ashanar?"

Auta ta ji kewar kwanakin nan har cikin ƙashinta. Ta shafa ƙwan fitilar da babban yatsa, ba ƙura ko kaɗan. Ta girgiza ta, ta ji motsin kananzir. Abin ya ba ta mamaki, amma hasken taga ya fara ja, ga sauran ɗauri biyu, sai ta miƙe ta danna makunnin lantarki. Shiru. Ta ɗaga kai, ta ga mazaunin ƙwan lantarkin wayam.

"Matar Yaya!" ta ƙwala kira. "Gidan mai gyaran wuta guda, a ce ɗaki babu ƙwai? Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa."

Matar ta leƙo tana goge hannu da zani. Mace ce mai fara'a, amma wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Ke dai bari, Auta. Shi ya cire da hannunsa, ranar da muka dawo daga jana'iza. Na saya na sa har sau biyu, ya sake cirewa. Kullum in ya dawo sai ya shigo nan ya zauna har duhu ya rufe shi. Ranar Asabar ya goge wannan fitila, ya duba lagwani, ya mayar. Na ce, Baban yara, ka kunna mana. Ya ce ba ta kunnuwa da mutum ɗaya. Ni na gaji da tambaya."

Auta ta sake duban fitilar. Ta san ayar nan ta fushi da faɗuwar rana, ta san shafinta. Ita ke koyar da yara a coci ranar Lahadi, kuma shekara biyu ke nan duk lokacin da darasi ya biyo ta wajen sai ta yi dabara ta tsallake. Ta koya musu Yusufu da 'yan'uwansa, ta koya musu ɗan da ya ɓata ya dawo, bakinta bai taɓa sarƙewa ba. Wannan guda ɗaya ce ta gagare ta, don a muryar Mama take jin ta. Laifi tudu ne, ta taka nata tana hango na Yaya, kuma ta sani.

Sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Auta ta harari matar Yaya.

"Kin ce sai bayan magariba."

"Na faɗa," in ji matar. "Allah ya yafe mini, ni na kira shi." Ta juya abinta.

Yaya ya tsaya a bakin ƙofa da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya rame, furfura ta cinye masa kai, ya koma Baba sak. Ya ajiye jakar, ya shigo ya zauna a kan akwati, fitila tana ƙasa a tsakaninsu.

"Auta, kin zo lafiya? Ya yara?"

"Lafiya."

Agogon hannunta ya nuna shida saura kwata. In ta tashi yanzu za ta samu mota. Rana ta sauko daidai kan katangar maƙwabta, saura kaɗan ta nutse.

Ta yi shekara biyu tana shirya amsar duk wani uzuri da zai kawo. Zai ce Mama ce ta hana, zai ce likita ya ce da sauƙi, zai ce waya ta lalace. Kowanne ta tanadar masa magani.

"Ba ni da hujja," in ji Yaya, idonsa a ƙasa. "Mama ta tambaye ki sau biyu. Ranar Talata ta ce, kira mini Auta. Na ce gobe. Ranar Alhamis ta sake cewa, na ce gobe. Tsoro nake ji, Auta. Gani nake in na kira ki, na yarda ke nan tafiya za ta yi. Na hana ki, na hana ta. Ki yafe mini."

Maganar ta fi duk abin da ta zata zafi. Ashe Mama ta neme ta. Ta ji fushin ya taso sabo fil, kamar yau aka yi rasuwar, ta yi kuka irin wanda ba ta yi a bakin kabari ba. Bai rarrashe ta ba, bai kare kansa ba. Can da ta lafa ta ce, "Yaya, ka cuce ni."

"Na cuce ki."

"Kuma har yanzu ina jin haushinka."

"Ai Mama ba ta taɓa cewa sai haushi ya ƙare ba," ya ce a hankali. "Cewa take a kunna."

Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da kwalin ashana wanda gefensa ya goge don yawan ɗauka, ya ajiye a kan gado kusa da ita. Sannan ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya danna ƙarfen, ƙwan fitila ya ɗaga. Ya tsaya a haka yana jira.

Daga titi ta ji yaron mota yana kiran fasinjan ƙarshe. Ta dubi ɗaurin kayanta, ta dubi hannun yayanta a kan ƙarfen. Tun tana yarinya take ɗauka dokar Mama horo ce. Sai yau ta gane rangwame ce: ba a ce ka gyara zuciyarka kaf kafin duhu ba, an ba ka ɗan aikin da hannu zai iya, zuciya ta biyo baya.

Ta sauko ta durƙusa. Tsinken farko ya karye. Na biyu ya kama ya mutu.

"Har yanzu ba ki iya ba," in ji Yaya.

"Kai dai riƙe da kyau."

Na uku ya kama. Ta kai shi ga lagwani, goshinta ya taɓa nasa, ya saki ƙarfen ƙwai ya zauna. Haske ya tashi a hankali, ya kama gadon ƙarfe da madubi mai tsaga da fuskar Yaya jiƙe da hawaye. A waje sauran jan rana bai gama ɓacewa daga kan katanga ba.

"Na yafe," ta ce. "Gobe ma sai ka sake tambayata, don ban san yadda zan tashi ba."

"Zan tambaya," ya ce. "Akwai kananzir."