Iya Ta Ɗaukaka Ƙara

"Kar ka ce mini kotu, ɗan nan. Benci da bokitin wanki a kife, shi ne kotu?"

Iya ce tsaye a ƙofar ɗakin Masinja, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan rungume da rediyonta kamar za a raba ta da jika. Shi kuwa yana ciki ya saki labule, ba a ganin komai nasa sai takalma a bakin ƙofa. Da can masinjan kotu ne, aikinsa ɗaukar fayil da kiran masu ƙara. Da ya bar aiki, 'yan haya suka ba shi shugabancin gida don kowa na gudun wahalar gyaran famfo. Shi kuma ya ɗauka alƙalanci aka naɗa shi.

Ranar da Iya ta tafi asibiti a duba mata gwiwa aka zauna a tsakar gida a kan rediyonta, wai ya cika wa mutane kunne. Mai ƙara matar Masinja ce. Shaida ƙaninta ne, tela, wanda kekensa ke sa kwanukan maƙwabta rawa tun safe. Alƙali kuwa mijin mai ƙara. Kafin Iya ta sauko daga mota an yanke hukunci: ta miƙa rediyo a kulle shi a ɗakin shugaba.

To, rediyon nan, tun da mijinta ya rasu, shi kaɗai ke magana a ɗakinta bai ƙare da "ki ba ni" ba. A nan take jin wanda ya riga ta gidan gaskiya cikin sa'anninta. Kunnenta ya yi nauyi, gaskiya ne, ko da yake in ana gulmarta a bayan tankin ruwa yakan samu sauƙi.

Matar Masinja ce ta kawo mata hukuncin, tana taunar kalmomin miji kamar ƙashi, ta ce in ba ta gamsu ba tana da damar ɗaukaka ƙara. Iya ta yi godiya, ta sa mata albarka, ta shiga ɗaki ta murɗa rediyo har ƙarshe. Ƙara kuwa ta ɗaukaka. Tela ya ɗinka aljihu a bayan riga, matar Masinja ta ƙona girki. Shi ne yau shugaba ya aiko cewa ta raina kotu, ita kuma ta kawo kanta.

Ta ce ita dai a rediyon nan ta ji majistare, ta ji babbar kotu, ta ji ta soja, ta ji ta tafi-da-gidanka mai tare direbobi a titi, kuma ko ita takan bar direba ya buɗe baki. Amma kotun da alƙali da mai ƙara ke kwana a kan katifa ɗaya, wannan ba ta san sunanta ba, sai dai ko kotun ƙuryar ɗaki. Ko a kabari, in ji ta, sai an tambayi mutum kafin a dake shi.

Tela ya matso da almakashi a hannu, ya shiga yi mata bayani a hankali kamar mai lallashin yaro. Ya ce ɗaukaka ƙara ba murɗa rediyo ba ne, kai magana gaba ne, wurin wanda ya fi.

"Wane ne ya fi a gidan nan?"

Tela ya dubi labule, ya ce ai shugaba ne dai.

"Wato in karɓe wuyana daga hannunsa na dama in sa a na hagu. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ka iya ɗinki."

Matan gida da suka fito da sunan shanya suka juya baya, kafaɗu na motsi. Daga bayan labule aka yi wani gunaguni. Tela ya sa kunne, ya juyo ya ce shugaba ya saurari ƙorafinta, ya yi watsi da shi, hukunci yana nan. Ya ajiye almakashi ya miƙo hannu biyu.

Tela ƙato ne, Iya kuwa ko murfin kwalba sai an buɗe mata. Ta tuna ɗakinta shiru, daga ita sai ɗigon famfo. Ta ƙara matse rediyon a ƙirji, ta karkatar da kai wajen labule, ta kafa tafin hannu a bayan kunne.

"Ni ba na karɓar hukunci a bakin tela, riga nake karɓa. Mai shari'a, faɗa da bakinka in ji. In ban ji ba, ba a yanke ba. In kuwa ka ɗaga murya har ta shiga kunnen nan nawa, to ka fi rediyona ƙara, kai za a fara kullewa."