Baƙon da Ya Faɗa Zauren Marafa

Almustapha ɗan Marafan Tungar Labbo ne, wani garin manoman shinkafa da ke tsakanin Gummi da Bukkuyum. Shi ne ɗan fari, kowa ya ɗauka a gida zai zauna ya jira rawani, amma ya zaɓi kaki. Ya kai muƙamin kyaftin, ya yi yaƙi a gaɓar tafkin Chadi, ya dawo da kafaɗar hagu da ba ta ɗaguwa sosai. A daminar nan ya ɗauko hutu saboda Marafa ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya magana, sai bin mutane da ido.

Ranar kasuwa da hantsi, Almustapha yana zaure yana amsar 'yan dubiya, sai ya ji ihu yana tahowa ta layin mahauta. Kafin ya miƙe, wani mutum ya faɗo cikin zauren, riga a yage, jini na zuba daga goshinsa. Ya rungume ginshiƙi yana haki.

"Ranka ya daɗe, na shigo gidanku! Kashe ni za su yi!"

Sunansa Isma'ila, mutumin Kazaure ne, yana cikin baƙin da ke haƙar zinari a ramukan bayan gari. Jiya 'yan bindiga sun tare hanyar Gummi sun kashe mutane, kuma wani ya ce ya ga Isma'ila a kan tudu yana waya kafin harin. A garin da ya gaji da binne 'ya'yansa, wannan maganar ta isa hukunci.

Almustapha ya fita ya tsaya a ƙofar zaure, daga shi sai jallabiya da silifas. Taron ya cika filin ƙofar gida, da gorori da adduna. A gaba akwai Makau, shugaban 'yan banga, riƙe da bindigar ƙirar gida. Tare suka yi makarantar allo, tare suka yi su a gulbi. Ƙanen Makau, Jibo, yana cikin waɗanda aka binne jiya.

"Kyaftin, hito muna da wanga mutum," in ji Makau. "Ba mu da rigima da gidanku."

"Ya shigo zauren Marafa, Makau. Ka san abin da wannan ke nufi."

"Na san Jibo na cikin ƙasa!"

Taron ya ɗauki ihu. Dutse ya daki bangon zaure kusa da kunnen Almustapha, ƙasa ta zubo masa a wuya. Bai kakkaɓe ba. Ya san taro irin wannan: in ka ja baya taku ɗaya, sun shigo.

Ta bayansa ya ji muryar Inna, mahaifiyarsa, daga ƙofar cikin gida. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari.

"Soja, kai kaɗai ne. Ubanka na kwance. Mutanen ga su za su zaɓe ka gobe, kada ka ɓata da su."

"Inna, ki koma ciki, ki rufe ƙofa."

Ya juyo ga Makau, ya sassauta murya yadda sai na gaba za su ji.

"Wa ya ji abin da ya faɗa a wayar?"

Wani ya ce ai an gan shi.

"An gan shi yana waya. Ni ma a kan tudun nan nake waya, nan kaɗai ake samun layi. Ga abin da za a yi. Zan sa shi a mota in kai shi hannun hukuma a Gummi. Kai, Makau, ka shiga baya da bindigarka. In na kauce hanya, ko na bar shi ya gudu, ni za ka harba."

Makau ya dube shi har idanunsa suka kawo ruwa. Sannan ya ɗaga hannu, taron ya dare.

Suka fita gari a tsohuwar motar Marafa. Isma'ila na gaba, an ɗaure masa hannu da rawanin wani dattijo. Makau na baya, bakin bindiga yana dukan kujera duk lokacin da suka faɗa rami. Hanyar babu kowa. Gero ya yi tsawo a gefe biyu, mutum zai iya tsayawa a ciki ba a gan shi ba. Almustapha na tuƙi da hannu ɗaya, idonsa na kan gonakin, yana kuma satar kallon madubi.

Da suka zo wata kwalbati, Makau ya ce, "Tsaya nan."

"Ba a tsayawa a nan, ka fi ni sani."

Almustapha ya ji sanyin ƙarfe a ƙeyarsa.

"Na ce ka tsaya."

Ya taka birki. A gefen hanya ga ƙonannen babur, ga takalmi wari ɗaya a cikin taɓo. Makau ya fita, ya buɗe ƙofar gaba, ya jawo Isma'ila ya durƙusar da shi a wurin. Isma'ila na ta maimaita kalmar shahada.

"Nan sunka kashe Jibo," in ji Makau. "Nan na ɗauke shi da hannuna."

Almustapha ya fito a hankali, hannuwansa a buɗe. Ya san da kafaɗa ɗaya ba zai iya ƙwace bindigar ba, kuma bai yi niyya ba. Ya zagayo ya tsaya tsakaninsu, bakin bindigar ya taɓa ƙirjinsa.

"Ni na yi maka alkawari, ni ke gabanka. In shi ne, hukuma za ta tatsi sunayen sauran daga bakinsa. In ka kashe shi, ka kashe bakin. In kuma ba shi ba ne, mai kai musu labari na nan cikin gari yana yi maka ta'aziyya."

Can cikin gero wani abu ya motsa, duk suka waiga. Tunkiya ce ta ɓata. Makau ya sauke bindigar, ya tsuguna ya ɗauki takalmin, ya fashe da kuka irin na manya, marar sauti.

"Mu tahi," ya ce daga ƙarshe.

Sun isa Gummi ana kiran azahar. Aka tsare Isma'ila, aka bincika wayarsa, aka ga matarsa ya kira a Kazaure, tana kan gwiwa. Da aka sake shi bai koma ɗaukar kayansa ba, daga tasha ya wuce gida.

A Tungar Labbo da yawa ba su yarda ba. Suka ce ɗan Marafa ya fifita baƙo a kan jinin gari. Da Marafa ya rasu bayan girbi, masu zaɓe suka ba Abdulmajid, ƙanen Almustapha, rawani. Almustapha ya yi masa mubaya'a a gaban kowa, ya fara haɗa jakarsa.

Da safen da zai koma bakin daga, Makau ya zo da babur ya tsaya a ƙofar gida.

"Hanyar ba ta da kyau yau," ya ce. "Hau in kai ka tasha."